Ayyukan gefe a The Witcher 3 da sayen mutum-mutumin Geralt: wanne za a kama, wanne za a bari?

Tambaya: Yaya, na fara buga wasan bidiyon nan The Witcher 3, na bar White Orchard na shiga Velen, sai na ga taswira ta cika maƙil da alamomin tambaya, ayyuka kuma sun taru mini har ban san ta inda zan kama ba. Dole ne sai na yi su duka? Sannan ina ganin hotunan mutum-mutumin Geralt, mafaraucin dodannin da ake wasa da shi, da na Ciri, yarinyar da ya raina kuma yake nema, ana tallansu. Suna buɗe wani abu a cikin wasan ne? In zan saya, wanne ya dace?

Amsa: Ƙanena, ba dole ba ne. Hasali ma wanda ya ɗaura ɗamarar share kowace alama a taswirar nan, shi ne yawanci yake ajiye wasan a tsakiya ya ce ya gundure shi. Sau uku na kai ƙarshensa, kuma a zagayen farko haka na yi ta bin alamomi kamar mai tsintar gyaɗa a gonar da aka riga aka girbe, na ɓata kwanaki, sannan ayyukan da suka fi komai daɗi suka kuɓuce mini ban ma san akwai su ba.

Kamfanin CD Projekt Red na birnin Warsaw a ƙasar Foland ne ya fitar da wasan ranar 19 ga Mayu, 2015. Babban labarin kaɗai yakan ci wajen awa 50, in ka haɗa da na gefe ya haura 100, ban da ƙarin labarai biyu da suka biyo baya, Hearts of Stone a Oktoban 2015 da Blood and Wine a Mayun 2016. Wasa mai wannan girma, kafin ka iya sara da takobi sai ka iya zaɓe. Sannan ka sani na manya ne, an sa masa alamar shekara 18, akwai zubar da jini da tsiraici a wasu wurare, don haka ba abin kunnawa a falo gaban ƙannenka ba ne.

Ka buɗe littafin ayyukanka, za ka ga ya raba su gida huɗu: babban labari, ayyukan gefe, kwangilar kashe dodanni, da farautar dukiya. Alamomin tambayar da suka ɗaga maka hankali ba sa cikin ko ɗaya. Su wurare ne kawai da ba ka taka ba tukuna: sansanin 'yan fashi, sheƙar dodo, akwatin da wani abu ke gadi, ƙauyen da mutanensa suka gudu. Duk lokacin da ka karanta allon sanarwa a wani gari sai a ƙara maka su. Akwai wurin ɓoye su a saitin taswira, kuma shawarata ka ɓoye su ɗin. In ka ci karo da wani a hanya ka leƙa, shi ke nan. Iri ɗaya ne ya cancanci ka karkata linzamin dokinka Roach dominsa, wato duwatsun nan na ƙarfi masu haske, don kowanne yana ba ka makin fasaha guda a karon farko da ka taɓa shi. White Orchard da ka baro, ƙanƙantarsa duka, akwai guda 6 a ciki. In ba ka kwashe su ba ka koma, hanya a buɗe take.

Dalilin da ya sa bin alamomi asara ne yana cikin yadda wasan ke rabon makin girma. Kashe dodo a daji ɗan abu kaɗan yake bayarwa, kusan duk makin daga kammala ayyuka yake fitowa. Kowane aiki kuma yana da matakin da aka ba da shawarar a yi shi. In ka fi ƙarfinsa da mataki 6 ko fiye, sai ya koma ruwan toka, ladan makinsa ya zama kamar babu. In shi ya fi ƙarfinka da yawa, lambarsa ja ce, abokan faɗan kuma za ka ga ƙoƙon kai a saman sunansu, sara biyu su kwantar da kai. Saboda haka ka riƙa cinye na kusa da matakinka, ka bar jajayen su jira ka. Ba inda za su.

Amma akwai waɗanda ba sa jira, kuma a nan maganar take. Duk aikin gefen da ke ɗauke da sunan mutumin da kuka yi doguwar hira da shi a babban labari, ka ɗauke shi tamkar babban labarin ne. Waɗanda suka ƙirƙiro wasan sun ɓoye rabin naman a can.

Kana Velen yanzu, to ga Bloody Baron, mai riƙe da yankin, nan a Crow's Perch. Zai ce ba zai faɗa maka inda Ciri ta nufa ba sai ka nemo masa matarsa Anna da 'yarsa Tamara. Da farko za ka ɗauka aike ne irin na je-ka-dawo. Sannu a hankali sai ka gane matar da 'yar ba sace su aka yi ba, guduwa suka yi, kuma daga shi suka gudu. Mashayi ne mai dukan matarsa, amma wasan bai bar ka ka tsane shi hankali kwance ba, don zai zaunar da kai ya ba ka nasa ɓangaren, ka ji tausayinsa, sannan ka ji haushin kanka da ka tausaya masa. Labarin ya ƙulle da na tsofaffin mayun nan uku na fadamar Crookback, da wani ruhu da ke ɗaure a gindin bishiya a Whispering Hillock. Abin da ka yanke a kan ruhun nan, ka kashe shi ko ka sake shi, shi zai tantance makomar marayun fadamar, da mutanen ƙauyen Downwarren, da Anna, da Baron ɗin kansa. Ba zan faɗa maka wanne ke haifar da me ba. Abin da zan ce kawai, babu zaɓin da kowa ke tsira a cikinsa, kuma ba za ka ga sakamakon ba sai bayan awanni, lokacin da komawa tsohon ajiya ya zama wahala. Ƙarshen wannan labari, Return to Crookback Bog, a jerin ayyukan gefe aka sa shi. Mutum zai iya wucewa Novigrad bai taɓa shi ba, ya rasa abin da mutane da yawa ke ganin shi ne ƙololuwar wasan. Da zarar ya bayyana maka, ka bar komai ka tafi.

Haka matsafiya Keira Metz. Bayan kun fito daga kogon nan tare za ta gayyace ka gidanta, kada ka share ta. Aikinta na hasumiyar ɓeraye a tsibirin Fyke labarin fatalwa ne mai kyau ƙwarai, kuma yadda kuka rabu a ƙarshe shi zai nuna ko za ta tsaya a bayanka ranar babban yaƙi a Kaer Morhen, sansanin mafarautan dodanni, ko wata mummunar ƙaddara ta same ta.

Wuraren da ƙofa ke rufewa biyu ne da ya kamata ka haddace. Na farko, kafin ka ɗauki halittar nan Uma ka kai shi Kaer Morhen, ka gama The Last Wish tare da matsafiya Yennefer a tsibiran Skellige. Na biyu, kuma shi ne babba, aikin Isle of Mists. Wasan ma zai fito maka da gargaɗi kafin jirginka ya shiga hazon. Kana shiga, ayyukan gefe da dama za su faɗi nan take: taimakon matsafiya Triss wajen fitar da matsafa daga Novigrad a Now or Never, ayyukan Roche da Dijkstra da ke buɗe maƙarƙashiyar da ake ƙulla wa Sarki Radovid, da rikicin gadon sarautar Skellige. A na ƙarshen nan 'ya'yan Crach an Craite biyu ne ke neman karaga, Cerys da Hjalmar, kowanne da nasa aikin, ita ta je ta raba wani basarake da aljanin da ke cin sa da laifin da ya ɗora wa kansa, shi kuma ya tafi farautar ƙaton dodon ƙanƙara a Undvik. In ka yi biris da su, wani ne daban, Svanrige, zai hau. Na Cerys ya fi burge ni, don akwai wurin da za ta miƙo maka abu ta ce ka yi wani aiki da hankali ba zai ɗauka ba, kuma daƙiƙu kaɗan aka ba ka ka yanke ko ka yarda da ita. Af, batun Triss da Yennefer: kada ka ce wa su duka biyun kana son su. Wasan yana riƙe da lissafi, kuma mai kwaɗayin biyu yakan tashi a tutar babu.

Kwangiloli kuwa ba sa ruɓewa, ka yi su a natse. Su ne hanyar kuɗinka, kuma ana ciniki a kansu kamar a kasuwa, ka ɗaga farashi kaɗan-kaɗan, in ka matsa da yawa mai aikin ya fusata ya tsaya a kan nasa. Kafin kowane faɗa ka karanta kundin dodanni, don yana faɗa maka man da za ka shafa wa takobin azurfa da alamar tsafin da ke karya dodon. Fatalwa, misali, sai ka tarfa ta cikin da'irar Yrden sannan takobi ke kama ta da kyau. Ka kuma sa maki a fasahar Axii mai juya tunanin mutum a cikin hira, tana raba ka da faɗan banza kuma tana ba da maki.

A farautar dukiya, takardun ƙera kayan makarantun mafarauta kaɗai nake bi da gaske. Na Griffin ana sa su a mataki 11, na Kyanwa a 17, na Bear a 20, kuma ana ɗaukaka su hawa-hawa har ƙarshen wasa. Don hawa na sama sai ka buɗe ƙwararrun maƙera biyu, Hattori mai takubba a Novigrad da Yoana mai sulke a Crow's Perch, kowanne ta hanyar aikin gefe. Gangunan 'yan fasa-ƙwauri da ke warwatse a tekun Skellige kuwa, ka bar su. Tuƙa kwale-kwale ne ba iyaka, aljanun ruwa na yayyage maka jirgi, a ƙarshe ka fito da takubban da za ka sayar da arha. Sai fa in talauci ya kama ka a Blood and Wine. Ka dai tanadi kuɗi 1000 na jirgin da zai kai ka Skellige. In kuma wasan kati na Gwent ya kama ka, ka tuna akwai katuna 3 da ake ci a bikin rufe fuska na gidan Vegelbud, in ka fita ba ka buga ba sun tafi ke nan.

Tambayarka ta biyu ta tuna mini wasu ƙananan ayyuka biyu a Novigrad. Akwai ɗan mutum-mutumin wani basarake da za ka iya saya a hannun wani ɗan kasuwa a unguwar Gildorf, da na wani soja da ke ɓoye a ɗakin sirri na Caesar Bilzen lokacin da kake taya abokinka Zoltan neman katuna. Ka kai wa Triss su tun tana gari. Za ta karya tsafin, sai ga mutum da ransa ya fito, ashe wata matsafiya ce ta matse shi ya zama abin ado. To waɗannan su ne kaɗai mutum-mutumin da ke yin wani abu a wasan. Na kanti ba sa buɗe komai, ba takobi, ba sulke, ba aiki. Ina jin kana haɗa su da amiibo ne, ƙananan mutum-mutumin da kamfanin Nintendo ya fara fitarwa a 2014. Su akwai 'yar na'ura a gindinsu da ake ɗorawa a kan abin riƙon wasa. A wasan Skyrim na na'urar Nintendo Switch, misali, amiibo na Zelda na iya ba ka Master Sword. The Witcher 3 ya zo Switch a 2019, amma ba shi da irin wannan. Duk mai tallan da ya ce maka nasa Geralt yana buɗe wani abu, ƙarya yake yi.

Kafin maganar kuɗi, in kai Musulmi ne akwai abin da ya gabace ta. Hadisin da ke cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare ko surori yana cikin Bukhari da Muslim, kuma mafi yawan malamai sun hana ajiye cikakken mutum-mutumin abu mai rai, in ban da 'yar tsanar yara, saboda abin da ya tabbata na wasan Nana A'isha da su. Ni ba malami ba ne, ka tambayi malamin da ka yarda da iliminsa kafin ka tura ko kwabo. Na san masu son wasan nan sosai da suka tsaya a kan taswira ko kwaikwayon takobi suka rataye a bango, kuma ɗakinsu bai rasa kyau ba.

In ka tsallake wannan, kasuwar hawa-hawa ce. A ƙasa akwai ƙananan masu ƙaton kai irin na Funko da Nendoroid, kimanin santimita 10. Akwai na McFarlane masu gaɓoɓi da ake lanƙwasawa, inci 7. Sai na Dark Horse na Amurka, da suka fara fitowa a 2016, Geralt da Yennefer da Triss da Ciri da Eredin, tsawonsu ya ɗan haura santimita 20, ba sa motsi, farashinsu na 'yan gomomin daloli. A can sama akwai na Prime 1 Studio na Japan, waɗanda ake yi da adadi ƙayyadadde, a rubuta lambar kowanne a gindinsa, kuɗinsu ɗaruruwan daloli, kuma sau da yawa biya ake yi tun kafin a ƙera, a jira shekara ko fiye. Akwai kuma wanda ya zo a kwalin masu tarawa na wasan a 2015, Geralt yana kokawa da griffin, wanda yanzu sai dai a hannun wani. Lambobin da kake gani, 1/6 ko 1/4, ma'auni ne: mutum mai tsawon santimita 180 zai zama 30 a 1/6, ya zama 45 a 1/4, ban da gindi da takubban da ke bayansa.

Abin da aka yi shi da shi ya fi sunan kamfani muhimmanci gare ka. Masu araha robar PVC ce. Ba ta da nauyi, in ta faɗi ba kasafai take fashewa ba, amma zafi ne maƙiyinta. A ƙasashen da ake ƙera su ba a yi lissafin ɗakin kwano a watan Afrilu ba, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40 kuma babu wuta. Na taɓa ajiye wani a bakin taga, bazara ɗaya ya karkace kamar mai ciwon baya, takobinsa ya lanƙwashe, fentin gefen da rana ke duka ya koɗe. Na tsoma shi a ruwan ɗumi na miƙar da shi sannan na sa a ruwan sanyi, ya ɗan dawo, fentin kam bai dawo ba. In kuma ka bar shi a rufe cikin kwali shekara da shekaru, man da ke sa robar taushi yakan tsatso ya sa jikinsa danƙo. Masu tsadar ana zuba su ne da wani irin ƙaro da aka cuɗa da garin dutse. Su suna fitar da komai dalla-dalla, har tabon fuskar Geralt da zoben sulkensa, zafi bai cika damunsu ba, amma nauyi gare su kuma tangaran ne, faɗuwa ɗaya yatsa ko kan takobi ya ɓalle. Ƙurar hunturu kuwa ba ta bar kowanne ba. Ka sa a sho-gilas, ka riƙa kaɗewa da burushi mai laushi irin na kwalliyar mata. Kada sifirit ko abin goge farce ya kusance shi, fentin zai bi tsumma.

Kuɗin dako shi ke ba mutane mamaki. Kamfanonin aike ta jirgin sama ba nauyin sikeli kaɗai suke dubawa ba, suna auna girman kwali: tsawo sau faɗi sau tsayi da santimita, a raba da 5000, sai a caje ka a kan wanda ya fi yawa. Kwalin babban mutum-mutumi mai 60 da 50 da 40 zai tashi kilo 24 ko da a sikeli bai kai rabin haka ba, sannan ga kuɗin kwastam na jiran ka. Wani nawa ya taɓa isowa takobi a karye, kwalin ya lotsa ta gefe guda, mai sayarwa ya ce laifin masu dako ne, su kuma suka ce haka aka ba su. Tun daga ranar nake ɗaukar bidiyon buɗe kwali daga yanke salatif ɗin farko. In karayar ƙarama ce, ɗigon gam mai kamawa nan take a bakin tsinken sakace ya isa, kada ka matsa shi kai tsaye daga kwalba, yakan bar farin tabo.

Jabu kuma sun cika kasuwannin intanet. Wanda ake sayarwa dala 40 ka gan shi a dala 12, hoton tallan na asali ne, abin da zai iso maka fuskarsa kamar an zana da yatsa. Ka nemi hoton ainihin kayan da ke hannun mai sayarwa, har da ƙasan gindi da bayan kwali. Na gaske yana ɗauke da sunan kamfanin da ya ƙera da na CD Projekt. Na jabu za ka ga layin mahaɗa a fili, idanu a karkace, ga warin roba mai hawa kai. Kada kuma wani ya ruɗe ka da cewa jari ne. Kaɗan ne ke tashi, kuma mai sayen na hannu a kusa da kai ba shi da yawa.

Wanne za ka saya? Yanzu kam ko ɗaya. Kana Velen, Ciri ma a 'yan guntayen tuna baya kawai ka gan ta. Lokacin da na fara, Geralt nake so don shi ne a jikin kwali. Da na kai wurin jifa da curin ƙanƙara a Kaer Morhen, da rakiyar da ta nemi in yi mata zuwa kabarin wani saurayi a Skellige, ƙananan abubuwan da ashe su ne ke tantance wanne daga ƙarshe uku za ta samu, sai na ga Ciri nake so a ajiye. Wani abokina da ya gama Hearts of Stone ba wanda yake nema sai Gaunter O'Dimm, mutumin da tun a mashayar White Orchard kun gaisa da shi kana ɗauka matafiyi ne kawai. Ka kai ƙarshe tukuna, sannan ka fara da na Dark Horse guda ɗaya, ka ga yadda zai sha bazara a ɗakinka kafin ka yi tunanin babba. Kafin nan, in sha'awar jera kaya ce ke damunka, Blood and Wine zai ba ka gida a gonar inabi ta Corvo Bianco, da wurin rataye takubba da tsayar da sulke. Ana shiga Blood and Wine a wajen mataki 34, Hearts of Stone kuma a 32.